Ku Riƙe Ubangiji da Zuciya Ɗaya

'Ya'yana, kaɗan ne a cikinku za su wayi gari su ce sun daina bin Almasihu. Abin da nake jiye muku tsoro shi ne ku riƙe shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana riƙe da wani abin da kuka ajiye don ko-ta-kwana.

Ku duba 1 Sarakuna sura 18. A zamanin Sarki Ahab, Isra'ilawa ba su ce sun rabu da Ubangiji ba. Manoma ne masu bukatar ruwan sama, maƙwabtansu kuwa suna cewa Ba'al ne mai saukar da shi. Sai suka haɗa biyu, wai in wannan bai amsa ba, wancan ya amsa. Sama ta rufe shekara uku da rabi. Da annabi Iliya ya tsaya a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, abu ɗaya ya nema daga jama'a: su daina raba ƙafa, su zaɓi wanda za su bi. Taura biyu ba ta taunuwa.

Yau ma cutar tana nan. Ga yarinya cikin ƙungiyar mawaƙa ranar Lahadi, muryarta kamar ta tsaga rufin majami'a, amma akwai layar boka ɗinke cikin matashin kanta, saboda aurenta ya yi jinkiri. Ga saurayi ya yi azumi da addu'a saboda jarrabawa, alhali ya riga ya biya kuɗin satar amsa. Wani kuma Littafi Mai Tsarki da caca duk a waya ɗaya suke, ya kuwa san wanda yake fara buɗewa da asuba. Ba mugunta ce ta kai su ba, tsoro ne: tsoron kada Allah ya makara. Shi ya sa wasiƙar Yakubu ta haɗa zuciya biyu da shakka.

Ku tuna da 'yar'uwarku Leah Sharibu. A watan Fabrairu 2018 aka sace ta tare da 'yan makarantarsu a Dapchi, Jihar Yobe, tana da shekara 14. Da aka sako sauran, sun ba da labari cewa an riƙe ta don ta ƙi musun bangaskiyarta. Irin wannan tsayuwa ba a ranar gwaji ake koyonta ba. Tun a ƙananan abubuwa ake gina ta.

Saboda haka ku fara daga nan. Kafin ku taɓa waya da safe, ku durƙusa. In akwai laya ko guru a ɗakinku, ku kai wa fasto ko wani dattijon ikilisiya, ku yi addu'a tare, ba kunya a ciki. Kada ku yi wasa da zumuntar matasa, don mai tafiya shi kaɗai ya fi saurin karkacewa. Maƙwabcinku Musulmi kuma ku riƙe shi da ƙauna da amana, gama wanda ya tsaya da gaske ba ya bukatar gaba da kowa.

Amsar addu'a takan jinkirta, 'ya'yana. Ku jira ta a wuri ɗaya. Ubangiji ya ba ku haƙurin jira, ya tsare ku har ƙarshe. Amin.