Amsoshin Tambayoyinku: Jirgin feshi a ruwa marar zurfi mai ciyawa

Tambaya: Ni makaniki ne a Kafanchan, gyaran injin ban-ruwa ne sana'ata. Wani maigidana yana shirin sayen ƙaramin jirgin ruwa irin wanda ba shi da farfela a waje, wanda ke tafiya da feshin ruwa, don ɗaukar mutane da kaya a dam ɗin Gurara, kuma ni yake so in riƙe masa. An ce mana ko a ruwa iya idon sawu yana wucewa. Gaskiya ne? Yaya kuma ake yi da shi in an shiga ciyawa? Daga wani mai karatu a Kafanchan.

Amsa: Malam, abin da aka gaya muku rabinsa gaskiya ne, ɗaya rabin kuma shi ne mai cin kuɗi. Jirgin feshi gwani ne a ruwa marar zurfi mai duwatsu, amma ciyawa ce babbar abokiyar gabarsa. Bari mu bi abin daki-daki.

Sana'arka ta riga ta rage maka aiki, domin jirgin nan injin ban-ruwa ne aka ɗora wa gangar jiki. A ƙarƙashinsa akwai kafa mai ragar ƙarfe inda yake zuƙo ruwa, farfelar da ke ɓoye cikin bututu ta matsa ruwan, sannan ta watso shi ta wani ƙuntataccen baki a baya. Ƙarfin watsowar ne ke tura jirgin gaba. Wani manomi ɗan ƙasar New Zealand, William Hamilton, shi ya fito da irin wanda ake amfani da shi yau a shekarar 1954, saboda kogunan yankinsu masu gudu ne, cike da tsakuwa, farfelar waje ba ta daɗewa a cikinsu. A 1960 jiragensa suka haura kogin Colorado na Amurka ta kwazazzabon Grand Canyon, a 1977 kuma Edmund Hillary ya haura kogin Ganges na Indiya da irinsu. Ka lura, duk inda suka yi suna ruwa ne mai gudu da duwatsu. Ba a fadama aka san su ba.

Batun zurfi kuwa, jirgin yana da hali biyu. In ya ɗauki gudu yakan taso ya hau fuskar ruwa, a lokacin ƙarami marar nauyi yana iya wuce ruwan da bai fi taƙi ɗaya ba. In ya tsaya ko yana tafiya sannu, sai ya koma ya zauna cikin ruwa kamar kowane jirgi, kafar zuƙo ruwan ta kusanci ƙasa. A nan ne sabon direba ke yin ɓarna. Yakan ba da wuta a bakin gaɓa, famfo ya kwashi yashi da tsakuwa, su cinye bakin farfela da zoben da ke kewaye da ita. Tazarar da ke tsakaninsu 'yar ƙanƙanuwa ce, da ta buɗe jirgin zai riƙa shan mai yana kuka ba ya ja. Saboda haka kada ka tashi sai ruwa ya kai maka aƙalla cinya. Tura shi da gora zuwa wuri mai zurfi, ka ba shi wuta ya hau ruwa, sannan ka doshi wurin da ba zurfi. In ka shiga kuma kada ka sassauta totur a tsakiya, don da ka sassauta zai zauna a kan yashi. Tun daga nesa za ka zaɓi inda za ka tsaya.

Wani abin da ke ruɗar wanda ya saba da mota shi ne sitiyari. Bakin feshin ne ke juya jirgin, don haka in ka ɗauke wuta gaba ɗaya, juyi ma ya tafi. Ka ga kututture a gabanka, zuciya ta ce saki totur, jirgin kuwa ya miƙe kansa tsaye. Abin yi shi ne ka karkata sitiyari kana riƙe da wuta. Ribas ɗinsa wani murfi ne da ke saukowa ya mai da feshin gaba, shi ne kuma birkinsa. Ka koyi wannan a sarari, ba fasinja, har hannunka ya saba. Haura ruwa ya fi gangara sauƙi, domin a gangara ruwan na tura ka, lokacin yanke shawara kaɗan ne.

Yanzu ga ciyawa. Kainuwa, bado, gansakuka, leda, guntun taru da igiyar masunta, duk famfo ba ya bambance su da ruwa. Alamar toshewa ba ta ɓuya: injin zai ɗaga murya, jirgin ya yi nauyi, ka ji yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, feshin baya ya koma kumfa. A yawancin ƙananan jiragen nan, daga famfon ne ake ɗiban ruwan da ke sanyaya injin, to in raga ta toshe zafi zai hau nan da nan. Ƙara wuta a wannan hali ƙara cusa ciyawar ne.

Ga yadda ake yi. In jirgin na da sauran gudu, kashe injin ka bar shi ya ci gaba da kansa. Zuƙar ta tsaya, ruwan da ke wucewa ta ƙasa yakan share ragar. In bai yi ba, ja da baya kaɗan, ka sake kashewa. Wasu jiragen suna da ƙarfen share raga da ake takawa da ƙafa, ka nemi mai shi in za ku saya. In duk ba su yi ba sai hannu, kuma nan ne wurin hattara. Kashe injin, zare makulli ka sa a aljihunka, sannan ka taɓa raga. Murfin duba famfo da ke cikin jirgi kada ka buɗe shi sai ka tabbata yana sama da ruwa, in ba haka ba ruwa zai ɓulɓulo muku ciki. Igiya da zaren taru sukan naɗe sandar farfela, ka yanke su da wuƙa a hankali, kada ka fizga.

Hanya mafi sauƙi dai ita ce kauce wa ciyawar. In siririn layi ne mai yawo a sama, ratsa shi a miƙe da gudu. In shimfiɗa ce mai faɗi, zagaye ta, ko ka kashe injin ka ɗauki gora. Dubi abin da ciyawar kachala ta yi wa fadamar Hadejia da Nguru bayan gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992: ta rufe hanyoyin ruwa har kwale-kwale ma sai an sare masa hanya. Wata ciyawa mai shuɗin fure da ta shigo Nijeriya ta Badagry a 1984 ita ma ta addabi kogin Neja da tafkin Kainji. A irin waɗannan wurare jirgin feshi wahala ce kawai.

Game da yankinku, rafukan da ke kewaye da Kafanchan, irin na Matsirga, ƙanana ne masu duwatsu da gangara, ba na sufuri ba ne. Gurara kuwa dam ne, har Abuja ake jan ruwansa, kuma halin dam daban da na kogi. Tsakiyarsa da zurfi, gefensa ne ke da laka da ciyawa da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, kuma gaɓar tana ja da baya da rani. Da damina ruwa na kwaso kara da rassa da leda. Kafin a fitar da ko kwabo, ka je mashigar da za ku riƙa amfani da ita sau biyu, da rani da damina, ka auna zurfinta da gora, ka zauna da masuntan wurin su nuna maka inda suke kafa taru da inda kututture yake. Ku nemi izinin masu kula da dam ɗin, ku kuma yi rajista da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, wadda ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar kariya ga kowane fasinja. Hatsarin Patigi na watan Yunin 2023, da ya ci rayuka fiye da 100, da dare ya faru, jirgin kuma maƙare da mutane.

Shawarata ga maigidanka ita ce: in mashigarku yashi ce da duwatsu, ruwan kuma garau, jirgin feshi zai yi muku aiki, muddin an samu mai kawo farfela da zobenta in sun cinye. In laka ce da ciyawa, ya sayi jirgi mai injin rataye na farfela, wanda ake ɗagawa a cire ciyawa cikin minti ɗaya, ya fi ƙarancin shan mai, kayan gyaransa kuma suna samuwa a kasuwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah Ya ba da sa'a, Ya kiyaye hanya.