Darasi na 18: Ɗawisu a cikin unguwa

Ɗawisu babban tsuntsu ne. Asalinsa daga ƙasar Indiya yake. Namijin yana da wuya shuɗi da dogon gashin wutsiya, wanda yakan kai mita ɗaya da rabi. Macen ba ta da wannan ado. Takan yi kwancin ƙwai har kwana 28.

Wajen shekara ta 1880, wani attajiri mai suna Baldwin ya sayo ɗawisu kaɗan daga Indiya. Ya sake su a gonarsa, kusa da birnin Los Anjeles na ƙasar Amurka. Baldwin ya rasu a 1909. Daga baya aka yanka gonar, aka gina gidaje. Amma tsuntsayen ba su tashi ba. Suka yi ta hayayyafa, har suka bazu cikin unguwanni. Yau ba su da mai su. Garin Arkadiya, inda gonar take, ya ɗauki ɗawisu ya zama tambarinsa.

Wasu mutanen unguwa suna son su, har suna watsa musu hatsi. Wasu kuwa sun gaji da su. Ɗawisu yakan kwana bisa rufin ɗaki, ya yi ta ihu tun da asuba. Yana cinye furanni da ganyen lambu. In ya ga kansa a jikin mota mai ƙyalli, sai ya zaci wani namiji ne, ya yi ta sara har fenti ya ɓaci. Saboda haka maƙwabta suka shiga gardama. Har aka samu waɗanda suka sa wa tsuntsayen guba a ɓoye.

To, me doka ta ce? Dokar jihar Kaliforniya ta hana a cuci dabba da gangan. Wanda ya sa wa ɗawisu guba ya yi laifi. A 2021 kuma, hukumar yankin Los Anjeles ta hana a ba ɗawisu abinci a wuraren da take kula da su. Wanda ya taka wannan doka, ana iya cinsa tarar dalar Amurka 1000, ko a sa shi kaso har wata 6. Dalili shi ne, inda abinci ya yi yawa, nan tsuntsaye suke taruwa suna ƙara yawa. A wasu garuruwa, in sun yi yawa, ma'aikata sukan kama su da tarko, su kai su gonaki masu nisa.

Mu riƙe

Doka tana kare tsuntsu, tana kuma kare maƙwabci. Tsuntsun da ba shi da mai shi, ba a kashe shi, ba a kuma saba masa da ƙofar gida.

Hausa da Faransanci

ɗawisu: le paon
doka: la loi
tara: l'amende
tarko: le piège

Tambayoyi

1. Daga wace ƙasa aka kawo ɗawisu Amurka?
2. Me ya sa ɗawisu yake saran mota?
3. Don me aka hana ba shi abinci?
4. Waɗanne dabbobin dawa ne doka ta hana a kashe a ƙasarmu?

Aiki

Ku zana ɗawisu cikin littafinku, ku rubuta jimla 2 a ƙarƙashinsa.