Shin Ra'ayin Darwin Ya Shafi Ƙasar Hausa?

Wani mai sauraro daga Wudil ya tambaya ko ra'ayin Charles Darwin na sauyawar halittu ya shafi ƙasar Hausa. Ya shafe ta, amma ta bayan fage.

Bayan fitowar littafinsa a 1859, wasu masanan Turai suka karkatar da ra'ayin, suka jera jinsunan mutane hawa-hawa, Bature a sama. Da irin wannan ido Lugard, Baturen mulkin mallakar da dakarunsa suka ci Kano a 1903, ya rubuta a 1922 cewa Fulani sun fi sauran ƙabilun Arewa iya mulki. Haka Beljiyam ta fifita Tutsi kan Hutu a Ruwanda, rarrabuwar da ta share fagen kisan kiyashin 1994.

Wannan zalunci ne da aka sanya wa rigar ilimi. Binciken zamani ya nuna kusan kashi 99.9 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon 'yan Adam iri ɗaya ne.