Jan ƙyallen da ke bayanka a hoton nan

Ɗana,

Innarka ta ce in tambaye ka ko kana samun tuwo a can Ailan, na ce mata wanda kumatunsa suka ciko haka ba yunwa ke damunsa ba.

Hoton da ka aiko ne ya sa na zauna rubuta maka wannan doguwar takarda. Ƙanwarka ce ta kawo mini wayar bayan la'asar, ta ce, "Baffa, ga Yaya a Cork ranar wasa." Na sa tabarau, na gan ka cikin jar riga tsakanin abokanka uku, kowa baki har kunne. Na ji daɗi ƙwarai, don baƙon da 'yan gari suka ja zuwa kallon wasansu ya kama hanyar zama ɗan gida. Sai na ce ta buɗa mini hoton da yatsu biyu yadda kuke yi. A bayanku ga wani jan ƙyalle, an gicciya masa shuɗin layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, fararen taurari goma sha uku jere a kansu. Gefe ɗaya ma a hannunka yake. Na daɗe ina kallo har shayina ya huce.

Da na taɓo maka maganar a waya ka ce, "Baffa, ai launin ƙungiya ne kawai." Ka ce na mahaifin abokinka ne, tun yana saurayi yake zuwa filin wasa da shi, kuma tunda ana wa Cork kirari da gundumar 'yan tawaye, ita kuma wannan ana ce mata tutar 'yan tawaye, ga ja ga fari, sai abin ya zo musu daidai. Na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Ban zargi dattijon nan da ƙin baƙar fata ba, mutumin da ya zaunar da kai a teburinsa ya zuba maka abinci da hannunsa. Ni ma na taɓa yawo da wannan tuta, kuma a ƙuguna.

Ina sabon malami, da na karɓi albashin farko, na shiga wajen 'yan gwanjo na sayi wani bel mai ƙaton kai na ƙarfe, irin na kaboyin da muke gani a silima. Wannan zanen ne a jikin kan. Kullum sai na goge shi da toka ya yi ƙyalli. A makarantar akwai wani malami baƙar fata ɗan Amurka, mutumin jihar Jojiya, mai fara'a, yana koyon Hausa a wurina. Ran da na fara ɗaura bel ɗin na shiga ɗakin malamai ina taƙama, yana cikin ba da labari, idonsa ya sauka a ƙuguna, maganar ta tsaya masa a maƙoshi. Bai ce komai ba sai da aka tashi. A gindin darbejiya ya tare ni, ya tambaye ni a hankali ko na san abin da ke jikina. Na ce ado ne. Ya ce shi yana yaro, ran da aka fara shigar da su makarantar da a da ta farare ce zalla, mutane sun yi layi a bakin titi suna zaginsu suna tofa musu yawu, kuma abin da ke hannunsu ke nan. Bai yi mini faɗa ba, bai ce in cire ba. Ni na kwance abina a wurin. Ran nan da hannu ɗaya na tuƙa keke zuwa gida, ɗayan yana riƙe da wando.

Rashin sani ya fi dare duhu, don haka bari in ba ka tarihin a taƙaice. Bayan an zaɓi Abraham Lincoln a 1860, jihohi goma sha ɗaya na kudancin Amurka suka ɓalle suka kafa tasu ƙasar, aka gwabza yaƙi daga 1861 zuwa 1865, mutum fiye da dubu ɗari shida suka mutu. A lokacin bayi kusan miliyan huɗu ne a ƙasar, jikokin waɗanda aka kwasa daga nahiyarmu. Masu ɓallewar ba su ɓoye dalilinsu ba. Mataimakin shugabansu, Alexander Stephens, ya tsaya a Savannah a watan Maris na 1861 ya faɗa wa jama'a cewa an aza harsashin sabuwar gwamnatinsu ne a kan cewa baƙi bai kai fari ba, kuma bauta ita ce matsayin da ya dace da shi. Ƙyallen da ka riƙe, tutar yaƙin rundunar Janar Robert Lee ce, babbar rundunar wannan gwamnati.

Da abin ya tsaya nan, da sai a ce tsohon labari ne. To amma ka duba lokutan da aka sake zaro ta daga akwati. A 1948 'yan siyasar kudu da suka yi bore don kada a ba baƙar fata haƙƙinsu, ita suka ɗaga. A 1954 kotun ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata, bayan shekara biyu jihar Jojiya ta ɗinka wannan zane a jikin tutarta. A 1962, da James Meredith ya je shiga jami'ar Mississippi a matsayin ɗalibi baƙar fata na farko, masu zanga-zangar hana shi ita suke kaɗawa, har mutum biyu suka rasa rai a tarzomar. Na baya-bayan nan kuwa da wayonka aka yi. A watan Yuni na 2015 wani matashi ya shiga cocin baƙar fata a Charleston, ya zauna da su suna karatu, sannan ya harbe mutum tara. Da aka binciko hotunansa, ga shi nan riƙe da ita.

Mu Hausawa bai kamata a tsaya koya mana ma'anar tuta ba. Zamanin Shehu Usmanu, wanda aka ba tuta, irin su Modibbo Adama da Buba Yero da Yakubun Bauchi, ba kyautar yadi aka yi masa ba. Duk wanda ya hango ta daga nesa ya san mutanen wa ke tafe, ya san ko ya fito tarya ko ya nemi mafaka. Aikin tuta ke nan, ta yi magana da wanda murya ba ta kai gare shi. Niyyar mahaifin abokinka tana cikin ƙirjinsa, Allah ya sani, ku da kuke kusa da shi kun sani. Amma yaron da ke can ɗaya gefen filin, wanda iyayensa suka zo daga Legas ko Kinshasa, aka haife shi a Ailan ya taso yana buga wannan wasa, ba ya ganin ƙirjin kowa. Ƙyallen yake gani. Na'urar talabijin ma ƙyallen take ɗauka ta kai duniya. A watan Agusta na 2017 an ga tutar a filin Croke Park da ke Dublin ranar da Cork ta kara da Waterford, kwana ɗaya tak bayan masu aƙidar fifita farar fata sun yi gangami da ita a Charlottesville, inda ɗayansu ya afka wa mutane da mota ya kashe wata mata. Wanda ya kalli hotunan biyu a jere, yaya za a yi ya tantance mai niyyar alheri?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, Cork ba ta rasa nata abin alfaharin ba da za ta je aron na wasu. Ko jar rigar da ka sa tana da labarinta. Mutanen Cork da kansu suna faɗa cewa a da shuɗi da ruwan ɗorawa suke sawa, sai a 1919 sojojin Ingila suka kai samame ofishinsu suka kwashe rigunan, dole suka ari jajaye a wurin wata ƙungiya, suka ci kofi da su, shi ke nan ja ya zauna. A 1920 an harbe magajin garinsu, Tomás Mac Curtain, a cikin gidansa. Wanda ya gaje shi, Terence MacSwiney, ya mutu a kurkukun Landan bayan kwana 74 yana yajin cin abinci. A Disambar shekarar dakarun Ingila suka banka wa tsakiyar birnin wuta. Bayan nan wasu daga cikinsu suka riƙa maƙala ƙonannen toshin kwalba a hulunansu don izgili, da yake sunan garin da na toshin kwalba ɗaya ne a Turanci. In kun zauna ku biyu, ka tambayi abokinka cikin raha: in wani baƙo ya shigo filinsu da wannan a hularsa, ya ce shi dai ado ya gani ya yi masa kyau, ya zai ji? Ba sai ka ƙara komai a kai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ka kuma tuna masa da Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta a Maryland a 1838. A watan Oktoba na 1845 ya sauka a wannan birni da kake zaune, ya yi kusan mako uku yana jawabi a kan bauta, mutanen Cork suna cika zaure don su saurare shi, suna karɓar sa a gidajensu. In ana neman ɗan tawayen Amurka da ya dace da Cork, ai ga shi nan, wanda ya yi wa sarƙa tawaye. Masu tutar nan kuwa sun yi nasu tawayen ne don sarƙar ta dawwama.

Ka ce dattijon yana jin haushin yadda hukumar wasanninsu ta hana shiga fili da ita tun 2020, yana ganin an mai da su miyagu dare ɗaya. Na fahimci wannan haushi. Mutum ya shekara talatin yana abu ba wanda ya tanka, rana ɗaya a ce masa laifi ne, dole ransa ya sosu. A ganina hanin daidai ne, don fili na kowa ne, wanda ya sayi tikiti bai kamata ya zauna ƙarƙashin alamar da ke ce masa shi ba cikakken mutum ba ne. A shekarar ne ma hukumar tseren motoci ta NASCAR a Amurka, inda tutar ta kafu sosai, ta haramta ta, bayan Bubba Wallace, baƙar fata tilo a manyan direbobinta a lokacin, ya fito ya ce a kawar da ita. Sai dai doka iyakarta bakin ƙofa. Ba a yi mako biyu da wannan hani ba wani ya ɗauki hayar ƙaramin jirgin sama ya ja ƙatuwar tutar a saman filin Talladega. Tun a 1997 jami'ar Mississippi ta yi wata dabara da har yau take ba ni dariya: ba ta ce ta hana tuta ba, sai ta hana shiga fili da sanda, wai don kada a tsokane wa wani ido. To tuta ba sanda ai ta zama mayafi. Duk wannan ya rage ta a fili, amma wanda ya naɗe tasa da hannunsa don ya gane, shi ne ba ya sake fito da ita. Ni ba doka ce ta kwance mini bel ba.

Don haka kada ka je musu da zafi, kada kuma ka yi maganar a gaban mutane ko a rukuninku na waya, inda kowa zai tsaya kare girmansa. Kai baƙo ne, kuma ɗa ne a wurin dattijon nan. Ka fara da abokinka. In ya ji, shi ya san ta inda zai ɓullo wa mahaifinsa. In bai ji ba, kada ka yanke zumunci a kan haka, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka ci gaba da zuwa kallon wasa da su, ka yi ihu in an ci, amma hannunka kada ya sake taɓa gefen ƙyallen nan, in kuma za a ɗauki hoto ka matsa. In an tambaye ka dalili ka faɗa a jimla biyu, ba tare da ɗaure fuska ba. Hoton da ka sa a Facebook kuma ka sauke shi, tun kafin wani da bai san ka ba ya yanke maka hukunci da shi.

Na sa ƙanwarka ta nemo mini wasan a waya na kalla. Na ga sanduna a sama, ƙwallo ƙarama kamar ƙwan zabo tana gudu ido ba ya bin ta, na kasa gane yadda ake ƙirga ci, wai ta saman raga ɗaya ta cikin raga uku. In ka kira ranar Juma'a sai ka yi mini bayani a tsanake. Ka gaishe mini da abokin naka da mahaifinsa, ka ce na gode da riƙon da suke yi maka. Innarka ta ba da kilishi da yaji, muna jiran mai tafiya.

Baffanka