DARASI: MAJIGI, MAKARANTAR ƘOFAR FADA

'Yan'uwa, wanda duk ya zauna da dattawan Kafin Hausa ko na Dutse, da wuya hira ta yi nisa bai ji an ambaci majigi ba. Yaran yau sun ɗauka wasa ne kurum na mutanen da. Amma majigi makaranta ce da aka buɗe wa wanda bai san karatu ba, kuma akwai abin da za mu koya daga gare ta har yanzu.

Asalinsa

Wani jami'in kiwon lafiya, Bature, mai suna William Sellers, shi ne ya soma amfani da fim a Legas don ya nuna wa jama'a yadda ɓeraye ke yaɗa annoba. A shekarar 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya wa ƙasashen da take mulki finafinai, ta ba shi shugabanci. An rufe sashen a 1955, amma aikin bai tsaya ba, gama Gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da shi daga Kaduna, a zamanin da ake Yaƙi da Jahilci.

Yadda ake yi

A lokacin nan ƙasar Haɗeja tana cikin Lardin Kano, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Mota ce takan fito rangadi ɗauke da injin wuta, da na'urar haska hoto, da farin ƙyalle, da lasifika. In ta sauka a gari, mai shela ya zaga da sanarwa. Da almuru sai a taru a fili, yawanci a ƙofar hakimi, ba a biyan ko anini. Akan fara da labarai, a kawo darasi, a haɗa da abin dariya. Mai sharhi kuwa yana tsaye yana bayani da Hausa, domin hoto kaɗai ba ya isa.

Abin da aka koyar

An koyar da tsabtace gida da rijiya, da haƙa shadda, da kai mara lafiya asibiti, da karɓar lamba don tsare kai daga agana, da gyaran noman gyaɗa da auduga. Sau da yawa akan nuna mutum biyu, mai hankali da wawa. Mai hankali ya bi shawarar duba-gari, ya zauna lafiya da iyalinsa. Wawa ya ƙi, ya gamu da nadama. Yaro ma ya gane inda aka dosa.

Laifinsa

Kada mu ɓoye gaskiya. Masu shirya finafinan nan sun raina basirar mutanen karkara, har suna ganin sai an bi da su a hankali kamar yara. An kuma yi amfani da majigi wajen yabon masu mulki, tun daga Yaƙin Duniya na Biyu. Banda haka, mota takan kwana ɗaya ta wuce. An ce wa mutum ya sha ruwa mai kyau, amma ba a bar masa rijiya ba.

Abin da ya rage mana

Duk da haka, wa'azin lafiya idan aka haɗa shi da aiki yana da amfani. Agana, wadda ta makantar da mutane ta kashe yara, an rabu da ita a Nijeriya a 1970, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta ƙare a duniya. Kurkunu, wanda ya kama mutum fiye da 600,000 a ƙasar nan a 1988, an tabbatar mun rabu da shi a 2013, saboda an bi ƙauye ƙauye ana koya wa mutane tace ruwa. Amma da jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen maƙwabta, sai a 2020 aka tabbatar an kawar da ainihin ƙwayarta daga Afirka.

Yau majigi ya koma cikin aljihu. Waya tana kawo mana hoto dare da rana, amma babu mai sharhin da ke tsaye a gaban jama'a, wanda za a iya tuhumarsa in ya yi ƙarya. Saboda haka nauyin ya dawo kanmu. Amai da gudawa na nan, musamman bayan ambaliya, zazzaɓin cizon sauro ma bai tafi ba. Kafin ka tura wa ɗan'uwanka labarin magani ko na rigakafi, tambayi ma'aikacin lafiya tukuna. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa aka riƙa nuna majigi a fili, ba a cikin ɗaki ba?
2. Wace shawarar lafiya muka sani sarai, amma ba mu bi a gidajenmu?
3. In labari ya zo ta waya, wa za mu tambaya a unguwarmu kafin mu gaskata?