MOTARKA AKA BUGA? KARƁI HAƘƘINKA CIKAKKE, KADA KA ƘARA KO SISI



Tambayar nan ta yi yawa a akwatin saƙona: "Malam, an bugi motata, wanda ya buge ni yana da inshora. Ya halatta in karɓi kuɗin kamfanin? Kuma yaya zan yi kada a cuce ni?" Bari in amsa gaba ɗaya.

Da farko, ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu cewa wanda ya lalata dukiyar wani, biya ya hau kansa, ko da ganganci ya yi ko bisa kuskure. Kuskure yana ɗauke zunubi, amma ba ya ɗauke biya. Saboda haka kuɗin gyaran motarka bashi ne a wuyan direban da ya buge ka. Ko daga aljihunsa ya fito, ko ɗan uwansa ya biya masa, ko kamfanin inshorarsa, kai dai haƙƙinka ka karɓa. Ba kai ka ƙulla yarjejeniya da kamfanin ba. Malamai da dama a kan haka suka yi fatawa.

Maganar inshorar da kai ka saya wa taka motar daban ce. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta, saboda rashin tabbas ɗin da ke cikinta, ta kuma halatta ta taimakekeniya, wato takaful. A Najeriya muna da kamfanonin takaful masu lasisi, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Tunda doka ta tilasta wa kowane mai mota yin inshorar da ke biyan wanda ya yi wa ɓarna, to ka nufi takaful, hankalinka kwance.

To, yaya za ka samu haƙƙin naka cikakke?

1. Rai ne a gaba da ƙarfe. A fara kai wanda ya ji rauni asibiti. Bayan nan, kafin a janye motoci, ɗauki hoto da wayarka: yadda motocin suka tsaya, wurin da ya lotse, lambar ɗaya motar, da takardar inshorar direban. Karɓi lambar wayar mutum biyu da abin ya faru a gabansu.

2. Duba ko takardar ta gaskiya ce. Takardun bogi sun yi yawa, musamman waɗanda ake saya a hannun 'yan kamasho a bakin ofishin lasisi. Ana sa lambar mota a rumbun bayanan inshora na NIID a ga ko tana da rajista.

3. Kai rahoto wurin 'yan sanda, ka karɓi takardar. Da yawanmu muna gudun wannan, sai a ce "mu sasanta kawai". Sulhu alheri ne, amma in ɓarnar babba ce, kamfani zai nemi rahoton.

4. A sanar da kamfanin da wuri, a rubuce. Jinkiri na daga cikin hujjojin da ake kafawa a ƙi biya.

5. Kada ka fara gyara sai jami'insu ya zo ya duba motar. In fanel bita ya riga ya miƙe ƙofa ya fesa fenti, da me za ka nuna ɓarnar? Nemi bakanike ya rubuta maka kiyasi dalla-dalla, kowane kaya da farashinsa da kuɗin aiki. In ka samu kiyasi biyu daga gareji biyu ya fi ƙarfi.

6. Tayin farko ba wahayi ba ne. In sun yanke maka abin da bai kai ba, ka tambayi dalili, ka kawo rasit da farashin kasuwa. Kuma kada ka sa hannu a takardar da ke cewa an sallame ka sai ka gamsu, domin da wuya a sake buɗe maganar bayan sa hannu. In an ƙi sauraronka, hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora tana karɓar koke.

Ku kuma san wannan: daga Janairun 2023 kuɗin wannan inshora ga motar gida ya tashi daga N5,000 zuwa N15,000, iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya kuma ya koma naira miliyan 3. In gyaran ya kai miliyan 4, ragowar miliyan ɗayan ba ta faɗi ba, tana nan a kan direban. Kai da ka yi ɓarnar, kada ka ce "ai inshora ta biya" ka juya baya. Sai ka cika, ko mai haƙƙi ya yafe da daɗin ransa, ba don an taru an matsa masa da "a bar wa Allah" ba.

Yanzu ga inda ƙafa take zamewa. Bakanike zai ce maka, "Alhaji bari in ƙara wani abu a kai, ai kuɗin kamfani ne." Sai a cusa tsohon lotsewar bara a cikin lissafi. Sai a rubuta farashin sabuwar fitila, a je a ɗaura ta Beljiyam, a raba canji. Wani ma direba zai canja, a ce wane ne ke tuƙi alhali yaron da ba shi da lasisi ne. 'Yan uwa, wannan ƙarya ce da cin dukiyar mutane ba da haƙƙi ba, kuma wanda ya rubuta da wanda ya yi shaida duk suna ciki. Ganin da kake wa tsarin kamfani na kuskure bai halatta maka yi masa ƙarya ba. In kuma takaful ne, ai kuɗin 'yan uwanka ne da suka tara don ranar musiba.

Ma'aunin guda ne: motarka ta koma yadda take kafin haɗarin. Abin da ya gaza haka an tauye ka, ka bi shi ta hanyar da ta dace ba tare da jin kunya ba. Abin da ya haura haka kuwa ba naka ba ne.

Maganar rauni da rasa rai babin diyya ne, zan ware masa rubutu na daban in sha Allahu.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya ciyar da mu halal. Wallahu a'alam.