Yadda ake juye tankin gas na a-kori-kura idan ruwa ko fetur ya shiga

Abu biyu ke sa a juye tankin motar da ke shan gas a yankin Anka, Gummi da Bukkuyum: ruwa, da kuskuren zuba fetur. Ruwan yakan biyo duron 'yan bumburutu da ya kwana a waje da damina, ko murfin tankin da robarsa ta mutu, ko kuwa direba ya kutsa fadamun Gulbin Zamfara har ruwa ya kai bakin tanki. Mai jigilar hatsi tsakanin Gummi, Daki Takwas, Nasarawar Burkullu da Anka ba kullum yake dacewa da gidan mai mai gas ba, dole ya sha na jarka. In ruwa ya shiga, za ka ji mota tana shaƙewa, ba ta da ƙarfi a hawa, ga farin hayaƙi, ga fitilar filta ta kama a gaban direba.

Mataki na 1: kashe mota. In fetur aka zuba, ko makulli kada ka murɗa, a tura ta gefe. Maiƙon gas ne ke hana famfon mai cin kansa, fetur kuwa wanke maiƙon yake yi. Tsohuwar Hilux mai injin 3L ko 5L tana da ɗan haƙuri. Mai D-4D ba ta yafiya: ɓarɓashin ƙarfe zai bi layi har nozul, gyaran kuma sai an dangana da Gusau ko Sakkwato.

Mataki na 2: gwajin kwalba. Wannan na matsalar ruwa ne. Buɗe bonet, a gindin filtar mai akwai ɗan abin murɗawa na roba. Sassauta shi, ka tara farar kwalba, ka riƙa danna famfon hannu da ke saman filtar. Ajiye kwalbar ta huta. Ruwa ya fi gas nauyi, zai kwanta a ƙasa da layi a fili tsakaninsu. In ɗan kaɗan ne ya fito, gas mai kyau ya biyo baya, ɗaure ka ci gaba da tafiya, ba sai an taɓa tanki ba. In ruwan ya ƙi ƙarewa, ko gas ɗin ya yi fari-fari kamar ruwan koko, to aiki ya tashi.

Mataki na 3: shirya wuri. Inuwa, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, iska na ratsawa, nesa da mai shayi, mai tsire da mai walda. Gas ba ya saurin kamawa, amma in ya gauraya da fetur, a zafin bazara na Gummi, tartsatsi ɗaya ya isa. Cire wayar batir ta nagatif. Tankin Hilux yana cin kimanin lita 80, don haka tanadi jarkoki huɗu masu lita 25, da mazurari, baho mai faɗi, tiyo, sifana da bokitin yashi. Sa wa tayoyi waigi, kuma kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Mataki na 4: fitar da man. Leƙa gindin tankin. Wasu tsofaffin motoci suna da notin juyewa. In akwai, buɗe murfin tanki don iska ta shiga, ka kwance notin a hankali ka tara baho, kana mayar da shi duk lokacin da bahon ya kusa cika. In babu, zare tiyon da ke kawo mai daga tanki zuwa filta, ka haɗa shi da famfon hannu ka ja zuwa jarka. Zura tiyo ta bakin tanki yakan gagara a sababbin motoci, wuyan a murɗe yake.

Kada ka zuƙa da baki. Yaran gareji suna yi suna tofarwa suna dariya, amma gas in ya sarƙe mutum ya gangara huhu, ciwon da yake kawowa na kwanciya asibiti ne.

Mataki na 5: gindin tanki. A nan yawancin masu aikin ke yaudarar kansu. Bututun da ke ɗaukar mai ba ya taɓa ƙasan tankin, tiyon da aka zura daga sama ma haka. Ke nan ka kwashe mai kyau, ka bar ruwa da laka da tsatsa a inda suke, ka zuba sabon gas mai tsada a kansu. Motar za ta tashi lafiya lau a gareji, sai ta shiga gargadar hanyar Bukkuyum, tankin ya girgiza, ta mutu a inda ba ka son tsayawa ko na minti biyar. A ganina, in ruwan ya yi yawa kuma babu noti, sauke tankin kawai. Tallafe shi da jak da katako, cire tiyon wuya, tiyoyin mai da wayar geji, ka sa musu alama don kada su rikice wajen mayarwa, sannan ka kwance maɗauran ƙarfen. Karkata shi ka juye ragowar a baho, ka zuba gas mai tsabta lita biyu ko uku, ka jijjiga, ka juye, har sai abin da ke fita ya yi garau a kwalba. Haska ciki da tocila, ban da ashana. In ka ga baƙar dauɗa mai yauƙi, ruwan ya daɗe a ciki.

Mataki na 6: mayarwa da fitar da iska. Sa sabuwar filta, tsohuwar ta riga ta sha ruwa. Zuba gas aƙalla lita 15, ka danna famfon saman filta har ya yi tauri a hannunka. Mayar da wayar batir ka tayar. In ba ta kama cikin daƙiƙa 10 ba, dakata, ka sake danna famfon, kada ka ƙona kik. Bar ta tana aiki a tsaye kana duba yoyo a ƙasa. Bayan tafiyar kwana ɗaya, maimaita gwajin kwalba.

Mataki na 7: man da aka juye. Mai ruwa a bar shi ya kwana a jarka, a tsiyaye na sama ta ƙyalle mai tsabta. Injin niƙa ko na ban-ruwa mai shan gas zai iya amfani da shi. Wanda ya gauraya da fetur kada ya kusanci risho ko fitilar kananzir. Dagwalon ƙasan kuma ba a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya. Mutanen Bagega da Yargalma, da suka ga abin da gubar dalma ta yi a 2010, ba sa buƙatar a yi musu bayanin gubar da ta shiga ƙasa. A rufe dagwalon a jarka a bar wa bakanike, yana wanke kayan inji da shi. Kuma tun 2021 da gwamnatin jihar ta hana sayar da mai a jarkoki saboda matsalar tsaro, jarka cike da mai a bayan mota tana jawo tambayoyi a shingen bincike, don haka a gama komai a cikin gari.